Tsoho Da Wuƙar Likita: Abin Da Ake Aunawa Kafin Aikin Gaggawa

Da wuya dare ya wuce a manyan asibitocin Ikko, ko Badun, ko Binin, ko Fatakwal, ba a shigo da wani dattijo ko wata dattijuwa a rirriƙe ba, ciki ya kumbura, ko fitsari ya tsaya, ko kuwa an zame a makewayi ƙafa ta ƙi takuwa. Idan likita ya gama dube-dubensa ya ce sai an yi aiki, kuma yau yau ɗin nan, tambaya ɗaya ce ke fitowa daga bakin 'ya'ya, ko da Hausa, ko da Yarbanci, ko da Turancin buroka: shin tsohon nan zai iya ɗaukar wuƙa kuwa?

A da, amsar takan tsaya ne a kan shekaru. In aka ce mutum ya haura saba'in ko tamanin, sai gaban kowa ya faɗi, har da na likitan. To, amma binciken da aka yi ta yi a ƙasashe daban-daban tun daga shekara ta 2001 ya nuna cewa shekaru kaɗai ba su faɗin gaskiyar lamarin. Abin da ya fi su faɗin gaskiya shi ne yawan ƙarfin da ya yi saura a jikin mutum kafin ciwon ya same shi. Wannan kuwa ba a ganinsa a hoton ƙirji ko a gwajin jini. A bakin mutanen gida yake, su da suka san yadda tsohon yake tashi da yadda yake kwanciya.

A ɗauki misali da dattawa biyu a Sabon Badun, kowannensu ɗan shekara 75. Na farko har yanzu shi ke zuwa Shagamu sarin goro, da ƙafarsa yake zuwa masallaci sau biyar, shi ke riƙe da lissafin shagonsa. Na biyu kuwa yau shekara biyu ke nan bai fita ƙofar gida ba sai an kama shi, a zaune yake salla, rigunansa sun yi masa yawa, tuwon da yake cinye malmala biyu a da yanzu rabin ɗaya ke gagararsa. Idan hanjin kowannensu ya murɗe a dare ɗaya, aka kai su asibiti ɗaya, likita ɗaya ya yi musu aiki iri ɗaya, ba hatsari ɗaya suke fuskanta ba, ko kusa. Halin da na biyun yake ciki shi ne likitoci suka ba suna na musamman, wanda a Hausa za a iya ce masa raunin tsufa. Ba rauni irin na yanka ko ƙujewa ba, watau ƙarewar ajiyar ƙarfi.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane wannan magana. Wanda yake da jari a ajiye, in gobara ta cinye rumfarsa, zai sha wuya amma zai miƙe. Wanda kuwa cinikin yau shi ne cefanen yau, ko kwana uku aka rufe kasuwa sai ya durƙushe. Haka jiki yake. Ƙodar mutum takan fara rage aiki a hankali tun daga wajen shekara 40, tsoka tana zubewa, huhu ba ya buɗewa kamar da, tari ba ya da ƙarfin fitar da majina, zuciya ba ta iya ƙara gudu yadda ake bukata in jini ya zuba. Muddin ba abin da ya taso, mai raunin tsufa yana iya lallaɓawa shekara da shekaru. Amma aikin tiyata babban bashi ne da ake bin jiki a lokaci guda: ga ciwon da ya kawo mutum, ga maganin sa barci, ga zubar jini, ga kwanaki ba cin abinci, ga kwanciya a gado.

MA'AUNI BIYU

A shekara ta 2001 wata likita mai suna Linda Fried, tare da abokan aikinta a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka fitar da sakamakon bin diddigin tsofaffi fiye da 5,000 'yan shekara 65 zuwa sama. Sun ware alamu biyar: rama ba da niyya ba, kamar mutum ya zubar da kilo huɗu da rabi cikin shekara, yawan jin gajiya, sanyin damƙar hannu, tafiyar hawainiya, da kuma ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku daga cikin biyar ɗin nan, sun ce yana da raunin tsufa. Wajen mutum 7 cikin 100 na waɗanda suka duba suka faɗa wannan rukuni, kuma su ne suka fi faɗuwa, suka fi kwanciya a asibiti, suka fi mutuwa a shekarun da suka biyo baya. A shekara ta 2010 aka gwada ma'aunin a kan tsofaffi 594 da aka shirya yi wa tiyata a asibitin wannan jami'a, sai aka tarar masu raunin tsufa sun ninka sauran kamar sau biyu da rabi wajen haɗuwa da matsala bayan aiki.

Sai dai wannan ma'auni yana da wata illa a ɗakin gaggawa. Mutumin da ciki ya murɗe masa yana birgima a gado, ba mai ce masa ya tashi ya yi tafiya a auna saurinsa da agogo. Saboda haka aka fi amfani da wani ma'aunin dabam, wanda likita Kenneth Rockwood na Jami'ar Dalhousie a birnin Halifax na Kanada ya fitar a shekara ta 2005. Da farko matakinsa bakwai ne, daga baya aka mai da su tara. Ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki, tambaya ce kawai, kuma ba ta cin minti biyar.

Mataki na 1 zuwa na 3 su ne masu ƙarfi, tun daga wanda har yanzu yake noma ko doguwar tafiya, zuwa wanda yake da hawan jini ko ciwon sukari amma magani ya riƙe shi, yana harkokinsa. Na 4 bai dogara da kowa ba, amma ya fara sanyi, kullum yana kukan gajiya. Na 5 shi ne wanda sai an taimaka masa da manyan hidimomi, irin su zuwa kasuwa, hawa mota shi kaɗai, riƙe kuɗi, da tuna lokacin shan magani. Na 6 ba ya fita waje sai da ɗan rakiya, hawa bene na ba shi wuya, har wanka sai an kama masa. Na 7 komai na jikinsa sai an yi masa. Na 8 ya kai inda ko ƙaramar mura tana iya kai shi ƙasa. Na 9 kuwa shi ne mai ciwon da likitoci ke ganin ba zai wuce wata shida ba, ko da yana iya tafiya da ƙafarsa. Daga mataki na 5 zuwa sama ake lissafin mutum cikin masu raunin tsufa.

Ga sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma mutanen gida suka fi yin kuskure a kansa: ba halin da mara lafiya yake ciki a daren nan ake tambaya ba. Yadda yake mako biyu kafin ciwon ya taso ake son a ji. Ko gwarzon manomi in hanjinsa ya fashe sai an ɗauko shi ranga-ranga, wannan bai mai da shi mai raunin tsufa ba.

Ko ma'aunin yana aiki? A shekara ta 2017 asibitoci 49 na ƙasar Birtaniya suka tattara labarin tsofaffi 937 da aka buɗe wa ciki cikin gaggawa. Ɗaya cikin biyar yana da raunin tsufa. Cikin kwana 90 bayan aiki, kusan mutum 20 cikin 100 na duk tsofaffin sun rasu, a ƙasar da ba a rasa jini ko iskar numfashi. Amma mutuwar ba ta rabu daidai ba. In aka kwatanta da na mataki na 1, hatsarin na mataki na 5 ya kai kamar ninki uku, na mataki na 6 da na 7 kuwa kamar ninki shida. Kuma ko da aka cire tasirin shekaru daga lissafin, bambancin bai gushe ba.

Ba wannan kaɗai likita ke dubawa ba, ba shakka. Likitocin sa barci suna da nasu matakan tun shekara ta 1941, waɗanda ƙungiyarsu ta Amurka ta tsara, suna sa mutum a mataki na 1 zuwa na 5 gwargwadon nauyin cututtukan da yake ɗauke da su, sa'an nan su ƙara alama in aikin na gaggawa ne. Za a auna yawan jini, da aikin ƙoda, da sukari, da gishirin jini, a ɗauki zanen bugun zuciya. Sa'an nan a dubi shi kansa ciwon, domin ɗinke ƙaba da hanjinta bai mutu ba daban yake da wanke cikin da ƙazanta ta kwana biyu tana yawo a ciki. Duk waɗannan ake haɗawa. Amma sauran duk asibiti na iya samo su da kansa. Labarin mako biyun baya ne kawai ba shi da inda zai samo sai wajen iyali.

WA ZAI BA DA AMSA?

Nan ne zaman Kudu yake da tasa matsalar. Sau da yawa wanda ya kawo tsoho asibiti shi ne ɗan da ya fi kuɗi ko ya fi jin Turanci, ba wanda ya fi sanin halinsa ba. Wani mahaifin nasa daga Arewa aka sako shi a mota makon jiya, rabon da su zauna gida ɗaya an yi shekara goma. In likita ya tambaye shi ko Baba yana wanka da kansa, sai ya ce ƙwarai kuwa, domin haka ya san shi a Sallar bara waccan. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar tsohon, ko jikan da ke kai masa buta, ko maƙwabcin rumfarsa, su ne ya kamata a kawo, ko a buga musu waya a gaban likita.

Akwai masu ƙara wa tsoho ƙarfin da ba shi da shi, don tsoron kada likita ya ƙi yin aikin. Akwai masu rage masa, don a ji tausayinsu a yi sauri. Duka biyun cutar da shi suke yi. Na farko ya sa an shirya masa kamar mai ƙarfi, an mai da shi babban ɗaki bayan aiki maimakon ɗakin kulawa ta musamman. Na biyu kuwa yana iya sa a yi shakkar aikin da zai cece shi. Sa'an nan ga kunya. Ɗan fari ba ya son ya buɗi baki a gaban mahaifinsa ya ce fitsari yana kufce masa, ko ya fara manta sunayen jikokinsa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In maganar ta yi nauyi a gaban tsohon, sai a ja likita ko nas gefe a faɗa musu.

Su ma likitocin akwai inda ma'aunin zai iya ruɗe su, domin a Kanada aka tsara shi, inda tsohuwa 'yar shekara 80 take zaune ita kaɗai, tana girkinta, tana zuwa kanti. A gidan Bahaushe, dattijuwar da take da surukai uku da jikoki goma ba ta ɗora tukunya, ba don ba ta iyawa ba, sai don ba a barinta. Wata kuma tun tana amarya ba ta zuwa kasuwa. In tafinta ya ce ba ta girki, ba ta cefane, ba ta riƙe kuɗi, likita zai iya rubuta mata mataki na 5 alhali kuwa ta fi shi ƙoshin lafiya. Saboda haka sai a bambance abin da mutum ba ya yi da abin da ba ya iyawa. Kuma akwai awon da kowane gida yake gani sau biyar a yini ba tare da an lura ba: a tsaye yake salla ko a zaune? In ya yi sujada yana miƙewa ba dafa bango? Yana tsugunawa ya yi alwala da kansa? Tun yaushe ya daina zuwa masallaci da ƙafa? Amsar waɗannan ta fi shekarun haihuwa amfani ga likita. Haka kuma wanda shan inna ya gurgunta tun yana yaro, ko makahon da ya saba da harkokinsa, naƙasarsa ba raunin tsufa ba ce, ma'aunin ba dominsa aka yi shi ba, kamar yadda ba a yi shi don wanda bai kai shekara 65 ba.

Su kansu shekarun ma ba kowa ya san nasa ba, tun da yawancin dattawan yau ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. In an matsa, sai a kama da abin da aka sani. Wanda ya yi wayo lokacin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko ya yi auren fari shekarar da aka canja fam zuwa naira a 1973, ya ba likita abin da zai yi lissafi da shi.

Abu na ƙarshe da ake so daga gida shi ne magunguna. A kwaso su duka a leda, na asibiti, da na kemis, da na gargajiya, a zube a gaban likita. Asfirin da sauran magungunan tsinka jini suna hana jini tsayawa a lokacin aiki. Maganin sukari yana iya kai sukarin mutum ƙasa in ya daina cin abinci. Wani maganin hawan jini yana hana zuciya sauri, ya ɓoye alamar cewa jiki ya shiga hatsari.

JINKIRI

Ciwon cikin tsoho mayaudari ne. Abin da zai sa saurayi ihu da zazzaɓi, cikinsa ya ƙame kamar katako, shi tsoho yana iya zuwa masa da ɗan ciwo kaɗan, jiki ba zafi, sai dai ya ƙi abinci, ko ya yi ta barci, ko ya fara sambatu. Sai a ce maleriya ce, ko shawara, ko tsufa kawai, a yi kwana uku ana jiƙe-jiƙe. Alhali kuwa hanjin da ƙaba ta shaƙe, jini ya daina kai masa, yana iya fara mutuwa cikin kamar awa shida. Ƙullutun da ya saba fitowa a matsematsi ko cibiya yana komawa, in ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga ciwo ga amai, wannan ba ya jiran gari ya waye, balle ya jira a haɗa kuɗin mota zuwa gida Arewa.

Ƙasar Suwidin tana rubuta ayyukan ƙaba da ake yi a asibitocinta. Da aka duba fiye da 100,000 daga cikinsu a shekara ta 2007, sai aka ga wanda aka yi wa aikin a shirye hatsarinsa bai wuce na sauran jama'a ba. Wanda aka yi wa cikin gaggawa hatsarin mutuwarsa ya ninka sau bakwai, in kuwa har sai da aka yanke wani sashe na hanji, sau ashirin. Watau dattijon da ya shekara goma yana ɗaure gwaiwarsa da ƙyalle don tsoron wuƙa, bai guje mata ba, ya dai ɗaga ranar ce zuwa lokacin da ta fi hatsari. Ga shi kuwa aikin da aka shirya sau da yawa ba ya bukatar a sa mutum barci, allura ake yi a kashe wurin.

Wani babban mai kai tsofaffi ɗakin tiyata shi ne maganin ciwon gaɓoɓi, irin su dikilofenak, da ibufurofen, da Feldene, da haɗe-haɗen ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda a tashoshin mota. In an daɗe ana shansu suna cin bangon tumbi har ya huje, kuma suna taɓa ƙoda.

Karayar ƙugu ma haka take. Tsohuwa ta zame, ƙafa ta gajarce ta juya waje, sai a kira maɗori. Amma wannan karaya a wuyan ƙashin cinya take, can cikin tsoka, inda kara da tsumma ba su kai wa. Abin da ke kashe mai ita ba ƙashin ba ne, kwanciyar ce: ciwon huhu, gyambon baya, daskarewar jini a ƙafa. A Ingila, ƙa'idar da aka kafa a 2011 ita ce a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, kuma a tashe shi tsaye kwana ɗaya bayan aiki.

BA HUKUNCIN ƘIN AIKI BA NE

Kada mai karatu ya ɗauka cewa in an sa tsohonsa a mataki na 6 an rufe masa ƙofa ke nan. Amfanin awon shi ne ya canja yadda za a yi shiri. Likita yana iya zaɓar gajeren aiki maimakon dogo. Misali, in an yanke hanji, maimakon a ɗinke bakin biyu, ɗinkin da zai iya warwarewa a jikin da ba ƙarfi, sai a fitar da bakin hanjin ta gefen ciki a liƙa jaka. Mutane da yawa suna ƙyamar wannan, amma ta ceci rayuka masu yawa, kuma wani lokaci akan mai da hanjin bayan watanni. Ana iya yin allurar baya maimakon sa barci gaba ɗaya. Ana iya ɗaukar awa biyu ko uku ana ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a shiga, wannan ba sakaci ba ne. Ana iya tanadar gado a ɗakin kulawa ta musamman tun kafin a fara.

Ingila ta koyi wannan ne da wuya. A shekara ta 2010 wani kwamitin bincike ya duba takardun tsofaffi 'yan shekara 80 zuwa sama da suka rasu cikin kwana 30 bayan tiyata, ya ce waɗanda suka sami kulawa mai kyau kaɗan suka haura kashi ɗaya cikin uku. Daga ƙarshen 2013 asibitocin Ingila da Wales suka fara rubuta aikin buɗe ciki na gaggawa da suke yi, aka kuma sa ƙa'ida: wanda aka ƙiyasta hatsarin mutuwarsa ya kai 5 cikin 100, manyan likitoci ne za su tsaya a kansa, kuma ɗakin kulawa ta musamman za a kai shi. Mai raunin tsufa kuwa likitan tsofaffi ya zo ya duba shi. Cikin 'yan shekaru masu mutuwa a wata na farko suka ragu daga kusan 12 cikin 100 zuwa wajen 9.

Amma akwai inda gaskiya take da ɗaci. Ga wanda ya kai mataki na 8, ko wanda ciwon daji ya riga ya bazu a jikinsa, babban aiki yana iya zama ƙarin wahala kawai, ya ƙare kwanakinsa a jikin na'ura, ba mai jin muryarsa. In likita ya ba da shawarar a bar aikin, ba cewa ya yi a daina kulawa ba: akwai maganin kashe zafi mai ƙarfi, da robar da ke rage kumburin ciki, da jinya. Iyali suna da haƙƙin su tambaya ɓaro-ɓaro: in an yi aikin me ake sa rai, in ba a yi ba fa, kuma in ya tashi zai koma yadda yake ko sai an riƙa ɗaukarsa? Muddin tsohon yana cikin hankalinsa, shi ke da ta cewa, ba ɗan da zai biya kuɗi ba. A samo tafinta mai jin harshen biyu sosai, a yi masa bayani, a ji daga bakinsa. Galibin dattawa sun fi 'ya'yansu ƙarfin zuciyar jin irin wannan magana.

Game da kuɗi, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowace asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Duk da haka kowa ya san iyali ne suke sayen magani da kayan aiki, su nemo masu ba da jini. In aka raba aikin tun da wuri, wasu wajen jini, wasu wajen kuɗi, wani ya sanar da Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa, mutum ɗaya ya tsaya kusa da likita, an rage awoyin da ake ɓatawa.

BAYAN AN FITO

Mutane sukan yi hamdala su watse da zarar an turo mara lafiya daga ɗakin tiyata yana numfashi. Alhali nan ne aikin ya fara. A shekara ta 2016 aka bi diddigin mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2018. Duk da cewa sun fi marasa lafiyar sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, hatsarin mutuwarsu ya ninka sau biyu. Kuma 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin baya ne, a kan gadon jinya. Dalilin da masu binciken suka fi zargi shi ne ƙarancin ma'aikata, har matsala ta taso ba a gan ta da wuri ba. A asibitocin da suka duba, ƙwararrun likitocin tiyata, da na haihuwa, da na sa barci, duka-duka ba su kai mutum ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, alhali ana son 20.

Saboda haka mai jinya ido ne na biyu ga nas ɗin da ke riƙe da gadaje masu yawa. In numfashi ya yi sauri, ko fitsarin da ke taruwa a jaka ya ragu, ko ciki ya sake kumbura, ko jiki ya yi sanyi da gumi, a kira nas nan take, in ba a zo ba a sake kira.

Sai kuma ruɗewa. Tsoho mai natsuwa ya wayi gari bai gane ɗansa ba, yana fizge robar hannunsa, yana ganin mutanen da ba su nan, ko kuwa ya yi shiru ya kwanta kamar ba shi. Ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. Wannan yana yawan samun masu raunin tsufa bayan tiyata, kuma sau da yawa saƙo ne cewa wani abu ya lalace: ƙwayar cuta ta shiga huhu ko fitsari, ko ruwan jiki ya ƙare, ko zafin ciwo ya yi yawa, ko wani magani ya yi masa ƙarfi. A gaya wa likita, kada a ɗaure shi a yi shiru. Abin da ke taimakawa kuwa mai sauƙi ne: fuskar da ya sani, wanda zai yi masa magana da harshensa a ɗakin da kowa ke Yarbanci ko Turanci, a mayar masa da tabaransa da haƙoransa na roba, a riƙa gaya masa rana da lokaci da inda yake, a bar shi ya yi barci da dare.

Tausayi yakan sa a hana tsoho motsi, wai kada ɗinki ya ɓalle. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007 ya nuna tsofaffi lafiyayyu da aka kwantar kwana goma kacal sun zubar da kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Wanda dama ba shi da ita, in ya zubar da wannan, ba lallai ya sake miƙewa ba. Da zarar likita ya ba da izini, a zaunar da shi, a tsai da shi, a taka da shi ko zuwa ƙofar ɗaki ne. In an ce ya ci, kada a tsaya a kunu tsinkakke da shayi, jiki na bukatar ƙwai, da madara ko nono, da wake, da kifi ko nama mai laushi don ya haɗe yanka.

Mazauna Badun da kewaye suna da wata dama. Tun watan Nuwamba na 2012 Asibitin Koyarwa na UCH yake da cibiya ta musamman ta tsofaffi mai sunan Cif Tony Anenih, irinta ta farko a Nijeriya. A irin wannan wuri ana iya duba ƙarfin tsoho da magungunansa tun yana lafiya lau, a gano ƙabar da ta kamata a ɗinke kafin ta shaƙe.

In an sallami mara lafiya, abin da ke fara zuwa ran iyali shi ne a mai da shi gida ya huta cikin danginsa. Amma tafiya daga Ikko zuwa Kano ko Sakkwato ta kusa kilomita 1,000 ko fiye, yini ne da dare a zaune a takure, kuma a makonnin farko bayan babban aiki ne jini ya fi saurin daskarewa a jijiyar ƙafa ya wuce huhu. A jira a cire zare, a koma ganin likita na farko, a tambaye shi ranar da za a iya tafiya. In ranar ta zo, a riƙa tsayawa a hanya yana saukowa yana takawa, a ba shi ruwa, kuma a tafi da takardar sallama wadda aka rubuta irin aikin da aka yi da magungunan da yake sha, domin likitan da zai karɓe shi a can ya san daga inda zai ɗora.